Yadda Firmino Ya Zama Bahago

A garin Juazeiro, in ka tambayi gidan Eronildo masassaƙi, sai a yi ta kallonka. Amma ka ce Eronildo Bai-San-Dama-Ba, kowa zai kai ka har ƙofa. Sunan nan ya bi shi fiye da rabin rayuwarsa, bai taɓa cewa uffan a kai ba.

Sana'arsa sassaƙa hoton bangon 'yan littattafan waƙoƙin jarumai, waɗanda ake ratayewa a igiya ranar kasuwa. Mawaƙi ya tsara labari, shi kuma ya zauna da guntun katako da wuƙar da ya wasa daga ƙarfen tsohuwar laima, ya fitar da jarumi da dokinsa da dodonsa. Abu na farko da ake koya wa mai wannan aiki shi ne katako juya hoto yake yi: abin da ka sa a dama, in an shafa tawada an danna takarda, a hagu zai fito. Eronildo ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Magana ce kawai Allah bai hore masa ba.

Yana da 'ya tilo, Jandira, bahaguwa. Tun tana rarrafe take zane da gawayi a bango. Da ta shiga makaranta, malamarsu ta riƙa ɗaure mata hannun hagu a jikin benci da ƙyalle. A gida ma kakarta, Dona Zulmira, cewa take yi, "Hannun Shaiɗan ne. Ka bari a gyara ta tun da wuri." Yarinya ta daina zane, ta fara in'ina, tana ɓoye hannun cikin riga ko wajen cin abinci. Eronildo ya ɗauki hularsa ya nufi makaranta. Ya tsaya gaban malamar yana murza hula, ya gaishe ta da kyau, ya juyo gida. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

A makon ne Seu Tibúrcio mawaƙi, mai baki kamar reza, ya kawo sabon labari: Firmino makiyayi mai baƙin alfadari, wanda ya kashe macijin da ya shanye kogunan ƙasar a shekarar fari.

"Ka ɗaga masa adda sama," in ji Tibúrcio. "Ina so mai saye ya ji tsoro tun daga nesa."

Eronildo ya daɗe yana juya katakon. Ta taga yana hango Jandira a gindin mangwaro, ta zauna a kan hannunta. Ya san abin da zai biyo baya sarai. Ya sassaƙa addar a hannun daman Firmino, ya kai maɗaba'a da kansa.

Ranar kasuwa Tibúrcio ya kwance ɗaurin littattafan, ya kusa faɗuwa.

"Eronildo! Kai jakin ina ne? Jarumina bahago? Takarda ta ƙare, ka kashe ni!"

Kafin ya rufe baki an taru. Wani mai garin rogo ya ce, "Seu Tibúrcio, wannan da hagu zai gaisa da macijin?" Aka fashe da dariya. To, mawaƙi ba ya yarda a kayar da shi a bainar jama'a. Nan take Tibúrcio ya gyara murya ya ƙago baiti, wai da hannun dama Firmino ya rungumo ɗan maraƙin da ƙishirwa ta kayar, ya ƙi yar da shi, don haka da hagu ya yi yaƙin. Masu dariya suka fara laluben aljihu. Kafin rana ta karkata babu littafi ko ɗaya a igiya.

Shi Eronildo ya ɗanɗana kuɗarsa. Sauran mawaƙa suka janye aikinsu, wa zai ba da jaruminsa ga wanda bai san dama da hagu ba? Shekaru ya yi yana sassaƙa cokali da hatimin 'yan kasuwa. Amma kullum da yamma yaran unguwa na fafatawa da karan masara a hannun hagu, kowa na rantsuwa shi ne Firmino. Wata safiya Dona Zulmira ta fito ta tarar da maciji na gawayi tun daga ƙofa har madafa. Ta ɗaga tsintsiya.

"Na Firmino ne, Kaka," in ji Jandira, ba ta ko yi in'ina ba. Eronildo ya juya baya yana neman wuƙar da ke hannunsa.

Firmino ya yi gaba abinsa. Ya shiga rediyo, ya shiga littafin zane na yara, har masu talabijin suka ɗauke shi. Aka ce ɗan wasan sai da ya yi wata da watanni yana koyon sara da hagu. Lokacin Jandira ta gaji sana'ar ubanta, mawaƙa na layi a ƙofarta. Eronildo kuwa ido ya yi rauni, sai wasa mata wuƙaƙe.

Ranar Lahadin da aka fara nunawa, maƙwabta suka cika shagonta. Tibúrcio, ba haƙori amma baki na nan, ya nuna Eronildo da sanda.

"Ku gan shi nan. Shi ya yi ɓarna, ni na mai da ita zinariya. Ko ba haka ba, Bai-San-Dama-Ba?"

"Haka ne, Seu Tibúrcio," in ji Eronildo.

Don a ƙara dariya, Tibúrcio ya ciro tsohon katakon daga jakarsa, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Jandira ba ta taɓa ganinsa ba sai a takarda. Da ya zo hannunta ta tsaya. A ƙasan alfadarin ga sunan Firmino, kowane harafi a juye yadda ya kamata. Ga tambarin da ke cinyar alfadarin, shi ma a juye. Addar kaɗai aka bari. Ita da ta tsufa a aikin, ta san hannun da ya tuna da juya tambari ba zai manta da adda ba.

Ta matsa kusa da kujerarsa, ta rage murya.

"Baba, wace shekara ka sassaƙa wannan?"

"Na manta, 'yar nan."

"Ni ban manta ba. Shekarar da ake ɗaure ni ce."

Eronildo ya soma murza hularsa kamar yadda ya yi a gaban malamar. A talabijin Firmino ya ɗaga adda, shago ya kaure da ihu, ba wanda ke kallonsu.

"Na je makarantar," in ji shi a hankali. "Bakina ne ya ƙi buɗewa."

Hawaye suka zubo mata. Ta fitar da hannun hagunta, mai kanta da tabon tawada, ta kama nasa ta riƙe.