Ruwan da Bappa Ilu Ya Ba Baƙo

Bappa Ilu makiyayi ne a Jajaye, cikin ƙasar Rogo. Abu biyu aka san shi da su: ba ya sayar da saniya mai ciki, kuma baƙo ba ya barin gidansa da ƙishirwa.

A shekarar 1991 wani kamfani ya kafa injin wanke kuza a saman rafin da shanunsa ke sha. Wai gwaji ake yi, izinin gwamnati yana hanya. Ruwa ya koma ja, da wani maiƙo a kansa. Maruƙa suka fara kumbura suna mutuwa, Ilu ya bi ya rame.

Sai aka turo wani jami'i daga Kano, Malam Abdulsalami, ya ɗebo ruwan a auna kafin a ba da izini. An ce masa ya hanzarta, ƙasa tana bukatar kuza. Ya iso da azahar cikin sabon takalmi, ga hanyar rafi duk taɓo. Ya tsaya ƙofar gidan Ilu, aka gaisa, ya miƙa kwalba.

"Baba, a taimaka a cika mini da ruwan da kuke sha."

Ilu ya karɓa. Matarsa Yelwa ta tare shi a tsakar gida.

"Ina za ka da kwalbar mutane?"

"Rafi."

"Wannan jan abin za ka ba baƙo? Ya kai Kano a ce haka gidanmu yake?"

Ilu ya ga gaskiyarta. Aka cika kwalbar daga randar baƙi, ruwan rijiyar masallaci ne da aka tace da farin ƙyalle. Aka haɗa wa jami'in da man shanu.

Kano ta auna ruwa, ta same shi garau. Izini ya fito tun ba a cire gyaɗa ba, har aka yaba saurin aikin. Kamfani ya ƙaro inji. Da Ilu ya kai kuka, aka tuna masa cewa ruwan daga hannunsa ya fito.

Da rani ya zagayo, rijiyar masallacin ma ta fara ɗanɗanon ƙarfe.

Ilu bai daina ba baƙo ruwa ba, don ba zai iya ba. Sai dai yakan miƙa ƙwarya, ya zuba wa maƙogwaron mutum ido har ya shanye. In baƙon ya tafi, sai ya yi ta tare matafiya a bakin hanya, yana tambaya ko ya isa gida lafiya.