Shekarar da Daddawa Ta Ƙare

Shagon da ke jikin nawa a kasuwar Murshid Bazaar, a nan ƙasar waje, na wani dattijo ne Batatare, Musulmi daga can ƙasar Rasha, mai sayar da barguna. Ni kuwa fatoma ne: 'yan kasuwar Kano su sauka a gidana a unguwar Abu Hail, in zaga da su kasuwa, in loda musu kaya a kwantena. Baƙona ba ya shigowa hannu rabbana. Daddawa ce, kuka ce, kilishi ne, har matata kan rabar wa maƙwabta.

Wata la'asar ina cika masa baki da tsarabar nan, sai ya ajiye kofin shayi ya ɗauko labarin kakanninsa. Wai daula ce ta mahaya dawaki a wani filin ciyawa da ido ba ya ganin ƙarshensa. Duk shekara sarakunan kewaye su aiko wa sarkinsu fatu masu laushi da azurfa. Sannu a hankali kayan suka fara raguwa. Wata shekara su zo a makare, wata shekara sai manzo da daɗin baki. Sarki ya fusata ya ja runduna, aka tsaya bakin kogi ana kallon-kallo da waɗanda suka ƙi aikowa, har sanyi ya koro shi gida ba a yi wani yaƙin kirki ba. Daga baya 'yan uwansa na jini suka ƙarasa shi.

"Ba ranar yaƙi muka faɗi ba, habibi," in ji shi. "Tun ranar da suka gane ba sa bukatarmu."

Na yi dariya, na ce tsoho sai tatsuniya. Amma wallahi maganar ta taɓa ni. Na san mutanena sun koyi yin oda daga Sin ta waya, suna kwance a Kantin Kwari. Ɗakin baƙi ya yi wata biyu a rufe, ina ta cewa matsalar biza ce. Alhajin da ya fi kowa daɗewa da ni ma sai saƙon murya yake turowa, addu'a kamar ruwa, zancen zuwa babu.

Ban gaya wa kowa ba. Ranar wata Juma'a na dawo daga masallaci, na tarar da matata tsaye a kicin riƙe da robar da ba ta taɓa zama fanko ba tun zuwanmu.

"Maigida, daddawa ta ƙare," ta ce. "A ina ake sayar da ita a garin nan?"