Ka Tsaya wa Idona, Ban Tsaya wa Naka Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, 2025, ina tsakiyar buga jarrabawar 'yan aji uku matarka Lucia ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta yi ba. "Mama Levi, Baban Asher ya tafi," in ji ta. Haka labarin rasuwarka ya same ni, Gershon, mai gyaran kwamfuta na bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, kana da shekara arba'in da bakwai. Ciwon suga ne, ba a gano shi ba sai da ya gama da ƙodarka.

Tun ranar ake ta yabonka, har da waɗanda ba su taɓa ba ka kujera ba in ka je musu aiki. Ni ba yabo kaɗai ya kawo ni ba. Akwai abin da ke cina, gara in faɗe shi.

Shekara sha huɗu ina buga takardu a wata makarantar kuɗi a Gidan Waya. Shekara biyu da suka wuce mai makarantar ya sa wani ɗan'uwansa ya ƙara wa kwamfutar ofis ƙarfi, aka sa mata sabon katin hoto, abin nan da ke tura hoto zuwa fuskarta. Gudu kam ta yi gudu, amma fuskar ta dushe kamar an shafa mata toka. Takwas da uku suka zama abu ɗaya a wurina. Sau biyu ina kuskure a sakamakon yara. Da na ce laifin na'ura ne, sai mai makaranta ya leƙo daga bakin ƙofa, ya yi dariya a gaban malamai. "Madam, inji sabo ne. Ido ne ya tsufa." Ya ba ni zuwa ƙarshen zango in san inda zan nufa, ni gwauruwa mai 'ya'ya uku.

Na ɗaura kwamfutar a babur na kawo maka. Ba ka ko taɓa ta ba. Ka zaunar da ni, ka miƙo mini littafin waƙoƙin coci mai ƙananan haruffa, ka ce in karanta. Na karanta baiti uku ba tuntuɓe. "Mama Levi, idonki lafiya lau," ka ce. "Fuskar kwamfutar ce take ba ki wahala." Sannan ka buɗe ta, ka tarar an bar tsohuwar manhaja a kan sabon kati, ga kebul da ba nasa ba. Ka canza su, ka daidaita haske. Washegari ka rufe shago ka bi ni har Gidan Waya, ka sa mai makaranta ya zauna ya gwada tsohon kebul da sabo da idonsa. Bai ba ni haƙuri ba, kai ma ko ruwa bai ba ka ba. Amma na ci gaba da aikina.

A watan Nuwamban da ya wuce na biyo ta shagonka, na same ka ka kwance taka kwamfutar. Ka ce ka sa mata sabon kati ita ma ta yi duhu, kwana huɗu kana fama, kebul uku ka canza. Na duba. Gershon, fuskar kwamfutar nan haske take yi har tana kashe ido. Na ga jarkar ruwa a gindin kujerarka ta kusa ƙarewa tun hantsi, na ga wuyan rigarka ya yi maka yawa. Na gane ba na'ura ba ce, idonka ne. Littafin waƙoƙin yana nan a kan kanta, hannu kawai zan miƙa. Sai na tuna yadda maganar nan ta mai makaranta ta ƙone ni ranar da aka jefe ni da ita, na ce ba da bakina ba. Abin da na faɗa shi ne, "Ai kai gwani ne, za ka gano ta." Ka yi dariya, ka raka ni bakin titi.

Likita ya gaya wa Lucia da an zo tun ƙarshen bara, da akwai abin yi.

Ni na buga takardar tsarin jana'izarka, a kan kwamfutar da ka gyara. Mai makaranta ya aiko da saƙon yabo, wai a sa a shafi na biyu. Na buga masa, babu kuskure ko ɗaya. Hotonka ya fito sarai, har ramar kumatunka, wadda na gani tun Nuwamba.

Ubangiji ya ji ƙanka, Gershon, ya ba ka hutawa a wurinsa har ranar tashin matattu. Asher da Zipora, Allah ya ta'azantar da ku, ya tsaya muku a madadin uba. Lucia, sau uku na zauna kusa da ke a gidan makoki, bakina ya kasa, shi ya sa na rubuta. Na gani, na yi shiru. Ki gafarta mini in kin iya.

Hulda, Gidan Waya