Baffa Ya Ƙara, Baiwa Ta Rage

A Toranke, in ka tambayi gidan Baiwa mai ƙuli, ba wanda zai ɗaga hannu ya nuna maka. Ce maka za a yi ka ɗan tsaya ka saurara. Ba za ka daɗe ba za ka ji talabijin ta ɓarke da ihu kamar lasifikar masu tallar magani. To can ne gidan, ihun nan kuma mahaifinta ne, Malam Bubayero, yake kiran ta.

Baiwa ta haura arba'in. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna ɗakunansu, ita kuma ta dawo gidan ubanta da kaskon suya da turmi. Ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli, haka kullum, har tafin hannunta ya daina jin zafin kasko. Ba ta da yawan magana. In ka ce mata sannu da aiki, yawwa za ta ce ba tare da ta ɗago ba. In ka yi mata alkawari, ba za ta yi godiya ba sai ta ga abin a ƙasa.

Malam Bubayero kuwa makiyayi ne a zamaninsa. In ya yi kira daga bakin fadama, shanun da ke can nesa sai sun ɗago kai. Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi tare da shi. Abin da ya rage masa ido biyu ne masu kaifi da hannun hagu.

Ƙanenta Kamalu, da ke aiki a Kano, shi ya kawo kayan kallon: talabijin ta hannu, risiba, sifiku biyu manya, da sola a kan rufi. Ya haɗa, ya ɗau hoto da tsohon, ya koma. Tun daga nan taimakonsa ya zama saƙon murya a waya, kowanne minti bakwai, rabinsa gaisuwa.

Ba wanda ya koya wa tsohon dabarar. Wata rana ƙishi ya dame shi, Baiwa tana tsakar gida ba ta jin gurnaninsa saboda dakan turmi, sai ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin ƙara sauti na rimot ya ƙi ɗagawa. Ta shigo a guje. Ya dube ta, ya dubi tulu. Daga ranar ya sami murya, kuma bai sake sakin rimot ɗin ba. Da shi yake barci, a ƙarƙashin cinya.

Abin ya tafi daidai har maɓallin rage sauti ya lotse ya faɗa ciki. Na ƙarawa lafiyarsa ƙalau. Maɓallan jikin talabijin ɗin kuwa tun zuwanta ba su taɓa aiki ba. In Baffa, kamar yadda take ce masa, ya kira, sai Baiwa ta bar mai a wuta, ta shigo da hannu duk maiƙo, ta ɓamɓare yatsun ubanta ɗaya bayan ɗaya, ta nemi tsinken tsintsiya ta yi ta tsokanar ramin maɓallin, ihu yana tashi, har Allah ya sa ya kama. Shi kuma yana riƙe mata zani da ido jajur, don a ganinsa ƙwace masa za ta yi. Sau shida, sau bakwai a yini. Ta ƙona ƙuli ba adadi. Abin da ya fi ci mata rai ba ƙulin ba ne, kokawar ce. Mace da furfura a ka tana murɗe hannun ubanta.

Ta taɓa zare wayar sifikun. Ya danna, ya danna, bai ji komai ba, sai ya juya fuska bango. Yini biyu bai karɓi koko ba. Ta mayar.

Kamalu ya aiko da mafita a motar haya: ƙararrawa ƙarama ta ƙarfe. Tsohon ya juya ta a hannu, ya gane irin wadda yake ɗaura wa rago a wuya ce, ya wurga ta ta ƙofa har ta faɗa kwatami.

Sannan maƙwabta suka gaji. Zaituna ta bayan katanga tana da jariri, masu sallar la'asar kuma sun ce ba sa jin liman. Ba su zo wurin Baiwa ba, Kamalu suka kira.

"Adda, har Kano ake kira na," in ji shi a waya. "Abin nan ya zama abin kunya. Ƙarshen wata zan zo in kwashe sifikun, in karɓe rimot ɗin, a bar masa tasha ɗaya yana kallo shiru. Shi ke nan kowa ya huta."

"Da me zai kira ni?"

"Ai sai ki riƙa leƙawa."

"Kai za ka riƙe min kaskon?"

"Adda, ki fahimce ni, ni fa a tsarina..."

Ta kashe wayar. Ita ta san abin da ake bukata, kuma ba wani abu ne babba ba: rimot na biyu, mai araha, wanda zai zauna a wurinta. Shi ya ƙara da nasa, ita ta rage da nata, ba mai taɓa hannun wani.

Ranar kasuwar Ajingi, bayan ta sauke man gyaɗa wurin masu sari, ta tsaya a teburin Mus'ab mai kayan lantarki, ta ce rimot take nema.

"Hajiya, kin zo gida. Wannan shi ake kira yunibasal. Ba talabijin ɗin da ba ya yi wa, ko daga ina ta fito."

"Ban je Makka ba. Yana rage ƙara?"

"Rage ƙara? Har abin da ba ki tambaya ba yana yi." Ya saka batir, ya saita kan rimot ɗin a kyamarar wayarsa, ya danna. Wata 'yar wuta ta yi ƙyafta-ƙyafta a fuskar wayar. "Kin gani? Yana aiki."

"Na ga wuta. Ba wuta na zo saya ba."

"Ki je ki gwada. In bai yi ba, ki canza min suna."

Ya ba ta da wata takarda mai ƙananan rubutu kamar ƙwan kwarkwata, ya zagaye mata lambobin da ke ƙarƙashin sunan talabijin ɗinta. Da yamma ta zauna a gaban akwatin ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya, lamba goma sha ɗaya. Talabijin ko gezau. Baffa yana kallon ta ta gefen ido, ya ƙara cusa nasa ƙarƙashin cinya.

Kasuwa ta zagayo, ta mayar.

"Wane suna kake so?" ta ce.

Mus'ab ya yi dariya. "Adda, kuskure aka yi, wancan na ƙananan talabijin ne. Ga babban yayansu." Ya ɗauko wani dogo kamar rake, maɓallai sun fi hamsin, wasu ja wasu kore. "Wannan da kansa yake nemo lambar. Ki danne nan kawai ki jira."

"Wancan ma ka ce ba wadda ba ya yi wa."

"Wannan ya fi shi yi wa kowa."

Ta danne ta jira har yatsanta ya yi tsami. Abin da dogon ya iya kawai shi ne kashe risiba, ana tsakiyar shirin noma da tsohon yake so. Shi kuwa ya kai ƙara ƙarshe don fushi. Jaririn Zaituna ya tsanyare. Baiwa ta tsaya da tsinke a hannu ɗaya, rimot mai maɓalli hamsin a ɗayan, ta ji kamar ta haɗa su duka ta jefa rijiya.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare. Ta gama da bayanin baki. Da safe ta zare wayoyi, ta naɗe talabijin ɗin a bargo. Ta durƙusa gaban tsohon.

"Baffa, Gaya zan kai ta. Ba sayarwa ba, ba Kamalu zan ba ba. Kafin la'asar tana nan."

Ta miƙa hannu ko zai ba ta tsohon rimot ɗin a gani. Ya danne shi da cinya. Ta ƙyale shi. Ta roƙi Zaituna ta zauna da shi, ta hau bayan ɗan acaɓa da akwatin a cinya, kowane rami sai ta ji shi a ƙugu.

A Gaya aka nuna mata shagon Inuwa mai gyara, wani siririn dattijo da tabarau ɗaure da zare. Ta fara bayani, ya ɗaga mata hannu. Ya kwance bayan talabijin ɗin, ya leƙa, ya yi tsaki.

"Sunan da ke goshinta daban, cikinta daban. An taɓa gyara ta, aka cire nata bod ɗin, wato ƙwaƙwalwarta, aka sa wani. Ko shekara za ki yi kina ba ta lambar sunan nan ba za ta amsa ba."

"To me za ta amsa?"

Ya sunkuya. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci, cike da ƙananan rimot marasa suna. Ya kunna akwatin, ya gwada na farko, ya ajiye. Na biyu, ya ajiye. Na uku, sai layin sauti ya bayyana ya fara ja da baya. Ɗan guntu ne, baƙi, mara nauyi, ko rabin kuɗin dogon bai kai ba.

"Ba ni," in ji Baiwa.

Ta kai ƙarar ƙarshe har mai shagon kusa ya leƙo, ta sauke. Ta sake. Ta fita bakin titi ta gwada daga can, bai yi ba. Ta matso ta saitu da ƙofa, ya yi.

"Sai yana ganin ta," in ji Inuwa. "Ba ya ratsa bango."

Wannan ce magana ta farko a kan rimot da ta ji ta yarda da ita, don ta zo bayan gwaji. Ta biya, ta ƙara masa da ƙullin ƙuli.

Ta iso kafin la'asar. Zaituna ta ce tun tafiyarta yake danna rimot ɗinsa yana saita bangon da babu komai. Baiwa ta haɗa wayoyin, ta juya akwatin ya fuskanci ƙofa. Sannan ta fita ta tone duwatsun murhunta uku daga inda suke shekara da shekaru, ta dasa su daidai saitin ƙofar ɗakin. Ta naɗe sabon rimot a leda saboda maiƙo, ta ɗaure da roba, ta rataya shi a wuya da igiya.

Kamalu ya zo ranar da ya ce, da buhun da zai zuba sifiku. Yana tsaye a tsakar gida yana bayanin haƙƙin maƙwabtaka, sai ƙara ta fara tashi daga ɗaki. Baiwa ba ta ɗago daga kasko ba. Ta kama abin wuyanta ta danna, ƙarar ta koma.

"Na ji, Baffa. Bari in kwashe ƙulin nan," ta ce.

Ɗaki ya yi shiru. Kamalu ya dubi ƙofa, ya dubi buhunsa.

"Ai dama abin da nake ta cewa a yi ke nan," ya ce.

"Riƙe min matsamin nan," ta ce, ta shige ɗaki.

Sifiku suna nan inda suke. Sai dai hutun da Baiwa ta yi zato bai samu ba. Tunda tsohon ya gane in ya ƙara ana rage masa daga waje, kiran ya ninka. Ba ya kaiwa ƙarshe yanzu, taki biyu yake ɗagawa ya jira. Ta rage biyu. Ya ƙara ɗaya. Ta rage ɗaya. In ta gaji ta shiga, sai ta tarar tulu cike, shimfiɗa a bushe, ba abin da yake so, ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗan karkace sama.

"Baffa, wallahi mai nake da shi a wuta."

Ta fito tana mita, ta zauna, ta ɗauki matsami. Kafin ta juya ƙuli ɗaya, ƙara ta ɗaga taki biyu. Ta yi tsaki, ta goge yatsa a zani, ta rage.