Madalla Sau Shida

Har yau idan na gaishe da matata a tsaitsaye, makullin mota a hannu, takan dube ni ta ce, "Kai ne, ko kwamfutarka ce?" 'Ya'yanmu ba su san tushen maganar ba, dariya kawai suke yi su wuce. Tushen kuwa yana can farkon shekarun casa'in, lokacin ina ɗalibi a ƙasar waje, a jami'ar da ke East Greensboro, ina haya a wani ɗaki bayan shagon aski. Ba ni da mota, ba ni da kujera ta biyu. Abin da na mallaka shi ne tsohuwar kwamfuta, da modem, wato ɗan akwatin da ke haɗa ta da layin waya, sai kuma wayo wanda ya fi ƙarfin kaina.

A lokacin ina neman aurenta. Tana karatun aikin jinya, tana zaune gidan ƙanen mahaifinta a Pleasant Garden. Iyayenta suna Pankshin, kuma sun riga sun aiko cewa su ba su san ni ba, abin da ƙanen ya rubuto musu shi za su bi. Baba muke kiransa. Dattijo ne a cocinmu, ya yi shekaru yana gyaran injuna a wata masaƙa. Ranar da na je na gabatar da kaina ya saurare ni tsaf, sannan ya ce ƙarshen wata mai zuwa zai rubuta gida. Bai ce ga abin da zai rubuta ba. Aurena kacokan yana cikin wannan wasiƙar.

A wajenmu mai neman aure ba ya ɓacewa. Zai riƙa zuwa gaisuwa, ya durƙusa, ya tambayi lafiyar kowa har awaki, a ga fuskarsa a san halinsa. To Pleasant Garden ba wurin da ake zuwa da ƙafa ba ne, bas ma ba ya kaiwa. Gidaje ne jefi-jefi cikin manyan filaye, kowa da motarsa. Baba da kansa ya kawo mafita. Yana da wata kwamfuta a ɗakin baya da ya ja wa layin waya na daban, muna ce mata allo. Ka kira ta da taka kwamfutar, ka bar saƙo, ka karanta na wasu, ka sauka wani ya hau, don mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. A nan ake sanar da haihuwa, da wanda zai tafi gida a ba shi wasiƙu, da gonar da ake samun akuya.

"Tunda ba ka da mota," in ji shi, "ka riƙa gaishe ni ta allo. Kowace safiya ina dubawa kafin in sha shayi."

Na ce, "To Baba, na gode." A raina na ce wannan ai an kawo ni gida.

Makon farko da hannu na yi komai. In kunna kwamfuta, in buɗe manhajar kira, in gaya mata gudun layi dubu biyu da ɗari huɗu ne, in nuna mata ƙofar da aka jona modem a bayan kwamfutar, in buga lambar Baba. Sai modem ya fara kukansa, kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin garwa. Rana ɗaya duk harafin da na buga sai ya fito biyu, na yi ta lalube kafin in gano abin da zan kashe. In an haɗu sai in sa suna, in sa kalmar sirri, in bi jerin zaɓi har wurin barin saƙo, sannan in rubuta gaisuwa. Kafin in gama ruwan wankana ya huce, ga aji ƙarfe takwas.

Sai na zauna da littafin manhajar wata Asabar. A nan na ga ashe duk waɗannan saituna ana iya ajiye su, ta riƙa tashi da su da kanta. Na ajiye gudun layi, na ajiye ƙofa, na rage ƙarar modem saboda masu aski sun fara tambaya ko ina kiwon wani abu. Na sa lambar Baba a jerin lambobi. Har nan ban yi wa kowa laifi ba.

Shafi na gaba shi ya kai ni. Makaro, in ji littafin: ka ɗora doguwar magana a kan maɓalli ɗaya, kana dannawa ta zubo. Na ɗora suna da kalmar sirri a kan maɓallin F1. Na dubi F2 yana zaune ba aikin yi, na dubi gaisuwata wadda kullum kusan iri ɗaya ce, na ce me zai hana? Na tsara ta da kyau: "Ina kwana Baba. An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya Mama da mutanen gida? Yaya sanyi?" Amsar Baba ma kullum ɗaya ce, lafiya lau, Allah ya yi albarka. Don haka na ƙara layi a ƙarshe, na riga shi: "Na ga saƙonka. Madalla, haka ake so."

Daga nan abin ya zama wasa mai daɗi. Na koyi sa alamar jira tsakanin umarni, don kada manhajar ta yi magana kafin allo ya tambaye ta. Na ɗinke komai wuri ɗaya, na ɗaura shi a tashin kwamfutar. Akwai wata tambaya da allon ke yi da zarar ka shiga: kana da sabon saƙo, za ka karanta? Ita ce ke tsayar mini da aiki. Na ce ta riƙa amsa a'a, zan karanta in na samu lokaci. Ranar Litinin na danna maɓallin wuta na shiga wanka. Ina saɓa sabulu ina jin modem yana kira, ya gaishe da surukina, ya ajiye waya. Na fito da tawul ina rawa ni kaɗai.

Mako uku abin yana tafiya sumul. A coci Baba har yabona yake yi gaban dattawa. "Yaron nan ƙarfe bakwai da kwata daidai, ko ruwa ko iska. Kuma bai taɓa kuskuren harafi ɗaya ba." Ni kuwa in sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali kaina ya kumbura ya kusa fin ƙofar coci. Lokacin karanta saƙon nan kuma bai taɓa samuwa ba.

A mako na huɗu, ranar Alhamis, na kira yarinyar da yamma. Muryarta wani iri.

"Kana gaishe da Baba kuwa?"

"Kullum! Ki tambaye shi."

"Kana karanta mesej ɗinsa?"

"Haba, wace irin tambaya ce wannan?"

Ta ce, "To. Ina bizi, sai Lahadi." Na ɗauka gajiyar asibiti ce. Daga baya na ji Baba ne ya hana kowa a gidan ya gaya mini komai. Ya ce ya riga ya rubuta mini, ya isa.

Ranar Lahadi bayan sujada aka fito zauren da ake shan shayi. Can na hango Baba zaune, hannunsa na dama naɗe cikin farin filasta, rataye a wuya. Na ruga na durƙusa.

"Baba! Me ya faru? Yaushe?"

Ya kurɓi shayi da hannun hagu, bai yi sauri ba. "Tun Litinin. Na faɗo daga tsani ina kwashe ganye daga indararo. Ai na gaya maka."

"Ni, Baba?"

"Kai. Ka ce madalla, haka ake so." Ya ajiye kofin. "Sau shida ka faɗa, har da safiyar yau."

Dattawan da ke gefensa suka fashe da dariya, wani har yana dukan cinya. Mama, matar Baba, ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Yarinyar kuwa ko murmushi ba ta yi ba, ta ci gaba da zuba wa mutane shayi. Ni da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ga shi kuma saura kwana tara wata ya ƙare, Baba ya rubuta wasiƙar gida.

Ina isa ɗaki na tsayar da manhajar kafin ta fara aikinta, na shiga allo da hannu. Da ya tambaya ko zan karanta, na ce e. Saƙonni suka jero. Na farko-farkon duk lafiya lau ne da albarka. Shida na ƙarshe kuwa ba babban harafi ko ɗaya, kurakurai birjik, don da yatsa ɗaya na hannun hagu aka buga su. Na Litinin ya ba da labarin tsani da karayar wuyan hannu. Na Talata ya ce, "na ga ka ce madalla, wataƙila ba ka karanta da kyau ba." Na Laraba ya ce zafin ya ragu, amma Mama ta ƙwace makullin mota. Na Alhamis ya ce, "yau na zauna gaban allo ina kallo, na ga gaisuwarka ta zubo gaba ɗaya kamar an juye kwano. ni ma na yi aiki da inji. na gane." Na Juma'a ya sa ni dariya duk da halin da nake ciki: "sannu inji, ina gajiya. in ka ga maigidanka ka ce ina cigiyarsa."

Na Asabar gajere ne. "ɗana, hannun hagun ya gaji. amma an gaishe ni, ba zan ƙi amsawa ba."

Wannan shi ya fi taɓa ni. Dariyar dattawa ba ta yi mini zafi kamarsa ba. Tsoho da karyayyen hannu yana lalubar haruffa kowace safiya yana amsa wa ruwan wankana. Na zauna bakin gado na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Sannan na buɗe saitunan na goge F2, na warware ɗinkin nan duka. Gudun layi da lambar waya kawai na bari.

Washegari na zauna gaban kwamfuta ban yi wanka ba. Na fara rubutu. Maimakon "Ina kwana" na buga "Ina kwaba". Na kai yatsa zan goge, sai allon ya tsage biyu, abin da ke faruwa idan mai allo ya shigo yin magana da kai kai tsaye. Haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

"bar shi. kada ka goge."

Na bari. Na tambayi hannu, na tambayi barci, na tambayi ko yana iya cin tuwo da hagu. Ya amsa duka, kowace amsa sai na jira ta. Na ba shi haƙuri, bai ce ya haƙura ba, bai ce bai haƙura ba. Aji na ƙarfe takwas ya wuce ni. A ƙarshe ya rubuta, "ba na iya riƙe biro. ka zo asabar da takarda."

Mai shagon askin, wani Alhaji ɗan zangon Kumasi, shi ya ara mini mota. Sai da na ba shi labarin tukuna, ya yi dariya har ya ajiye almakashi. "Kai ɗan'uwa, ka aiki ƙarfe gaisuwar suruki? Karɓi makulli, je ka da ƙafarka."

Na samu Baba a baranda, ganye ya sake cika indararon. Ya nuna mini kujera da tebur. Wasiƙar gida ce zai faɗa in rubuta. Ya fara da gaisuwa. Ya gaishe da yayansa, da matar yayansa, da kowane ɗa da sunansa, da gwaggo mai ciwon ƙafa, da maƙwabcin da ya yi sabon rufi, ya tambayi acca, ya tambayi ruwan bana. Shafi ɗaya da rabi, yatsuna suka ƙage. Na tabbata da gangan ya tuno da wasu.

Sannan ya zo kaina. "Rubuta. Yaron da na gaya muku yana da ilimi. Yana da wayo kuma, har ya yi masa yawa." Na rubuta. Ya ba da labarin injin tun daga farko, bai rage komai ba, har madalla shida, ni kuma ina rubuta laifina da hannuna. Yarinyar tana tsaye bakin ƙofa da tire, ta ƙi shigowa ta ƙi komawa.

Baba ya juya yana kallon fili. Bakin birona yana kan takarda, ban ɗaga ba.

"Rubuta. Amma da ya gane, bai kawo hujja ba, kuma mako guda ke nan yana gaishe ni da kuskure a kowane layi. Ku ba shi."

Ina rubutawa layin ya karkace ya gangara, tawada ta taru a kan kalmar ƙarshe. Na ce, "Baba, bari in sake kwafe shafin, ya ɓaci."

Ya miƙo hannun hagu ya janye takardar daga gabana. "A haka za ta tafi," ya ce. "Su ma su ga mutum ne ya rubuta."