Ranar da na kai kakata gaban babbar monita

Shekarun baya kaɗan, lokacin da haukar monita ta kama ni, wallahi duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha lacca. Ina da ɗan shago a Gaya inda nake haɗa katin biki da fasta, kuma ba wanda ya koya min, a waya na koya, bidiyo bayan bidiyo. A nan na gano ashe sikirin ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake ce wa fiksel, yawansu kuma shi ne rezolushan. Laftof ɗina 768 ce, sai na samo tsohuwar monita 1080 na jona mata. Aiki a dama, saƙon kwastoma a hagu, ba sai ka yi ta rufe wannan kana buɗe wancan ba. Jama'a, ji na yi kamar an ƙara min ɗaki a gida! Har mai shayin layinmu na tsare da bayani, ya gama saurara ya ce, "To injiniya, a sa madara ko baƙi?"

A daidai lokacin ne idon kakata ta wajen uba ya fara tafiya. A asibiti aka ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce ke mutuwa, sai dai a rage mata sauri. Mu asalinmu Barebari ne, mun daɗe a nan. Mijinta Malam, wato kakana, ya rasu tun ba a haife ni ba, kuma mutum ne da ba ya son hoto. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukarsa, cikin taron ɗaurin aure a Gafasa. Takardar hoton ruwa ya cinye ta da ɗakin baffana ya faɗi wata damina. Abin da ya rage kawai wanda wani ya ɗauka da ƙaramar waya, aka yi ta turawa a guruf ɗin dangi har ya iso hannuna.

Wata rana na shiga gaishe ta, ta ce, "Kai mijin banza, an ce talabijin biyu gare ka a shago."

Na ce, "Amarya, ba talabijin ba ne, monita ce."

"Ko ma uwar mece ce. A wayar nan taku ba na ganin komai sai hazo. Ka buɗa min Malam da girma in gan shi tun idon bai ƙarasa rufewa ba. Ko kishi kake da shi?"

Na bugi ƙirji na ce an gama. Ni a lissafina, matsalar sikirin ce. Har na raina 1080 ɗina, na ce wannan aikin sai 4K, wadda ta ninka ta yawan ɗigo. Akwai abokina a Kano mai haɗa bidiyon biki, yana da irinta. Na yi ta roƙo har ya yarda, amma ya ce ƙafarsa ƙafar monitarsa. Haka muka taho da ita a mota, naɗe cikin bargo a kan cinyata, duk ramin da direba ya faɗa sai na yi salati.

Da hantsi na ɗauko kaka a adaidaita. Ta ci ado, har da turare da sabon mayafi. Na zaunar da ita a kujerata, na tura ƙofa saboda haske, na tada janareto, na buɗe hoton.

Kan kakana a cikin taron bai fi ƙwayar wake ba. Na ja shi, na ƙara ja, har ya cika sikirin. Sai ga murabba'ai, baƙi da toka-toka, jere kamar bulo. Abin takaicin, kyan monitar ma sai ya ƙara fito da su tas-tas. Kaka ta matso har hancinta na taɓa gilashin, tana bin sa da yatsa.

"Wannan mutum ne ko katanga?"

Ita kaɗai ta yi dariya. Ni gumi kawai nake.

Abokina ya ga halin da nake ciki, ya ce, "Kwantar da hankalinka, akwai manhaja mai gyara tsohon hoto." Ya saka shi. Muka bar na asali a sikirin ɗin hagu, gyararren ya fito a babbar. Sai ga fuska! Ido, hanci, gemu, komai fes. Har kabbara na yi.

Kaka ta daɗe tana kallo, tana karkata kai don ta kama shi da gefen idon da ke da sauran gani. Can ta ce, "Ina zanensa?"

Muka kalli juna.

"Malam zane gare shi, daga nan har nan." Ta ja yatsu a kumatunta. "Wannan fuskarsa sumul kamar ta ɗan makaranta. Kuma hancin..." Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa. "Ko kuwa haka hancin yake? Ni ce na manta?"

Ashe manhajar ba gano fuska take ba, ƙirƙira take. Inda ba ta ga komai ba sai ta cike da fuskar da ta ga dama.

Kwatsam kaka ta rufe ido da tafin hannu. "Kashe! Kashe shi maza, kada ya zauna min a kai ya kori nawa."

Na fizge wayar wutar gaba ɗaya. A hanyar gida ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba. Sai da muka zo ƙofar gida, ina riƙe da hannunta za ta sauka, ta ce, "Tun ɗazu nake kiran fuskarsa, wancan yaron ke zuwa."

Ba a daɗe ba idon ya rufe gaba ɗaya.

Har gobe da sikirin biyu nake aiki, kuma in ka tambaye ni zan ce maka 1080 ta ishi mai rubutu, mai zane ya nemi 1440 in monitar babba ce. Amma na daina yi wa mutane alƙawari da ita. Monita abin da ke cikin hoto kawai take nunawa, abin da ya ɓace tun farko ko ta kai girman bango ba za ta dawo da shi ba. Don Allah in kuna da tsofaffi ku ɗauke su hoto mai kyau yanzu, ku adana na asalin, kada ku dogara da wanda ya sha yawo a guruf.

Kaka tana nan da ranta. Mun koma wasanmu, tana ce min mijin banza, ina ce mata amarya. Wani lokaci sai in shiga in tarar da ita zaune, fuskarta a sama, leɓenta na motsi. Na san wa take nema. Har yau na kasa tambayarta wanda yake zuwa.