Maishanu Mai Duba Jini

Shekara goma sha tara ina sayen nama a wurin Malam Maishanu a Kasuwar Jalingo, ni Lami mai tuwo, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Fawa gadonsa ce. Kakansa ya zo daga Katsina da wuƙa ɗaya, shi kuwa a nan aka haife shi, Fillanci ma ya fi ni iyawa.

Abin da aka san shi da shi duba jini ne. In an yanka saniya a mayanka, sai ya tsuguna ya kalli yadda jinin ke zuba, ya dangwala ya murza a yatsu, ya ce wannan lafiyayya ce, ko ya ce ku buɗe hantar nan ku gani. A buɗe kuwa a gani. Dillalan garin Mutum Biyu ba sa ƙaunar ganinsa kusa da shanunsu. Mutum ne mai jiki, da tozo yake karya kumallo, kuma ba a gaya masa magana ya ji.

Bara waccan hannunsa na dama ya saki yana tsakar sara. Wuƙa ta faɗi, baki ya ɗan karkace, kafin a kawo ruwa ya warware. Ya ce gajiya ce. Cecilia, mai aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Nukkai, tana tsaye tana jiran namanta. Ita ta matsa masa har ya je, ni na raka shi.

Da ta ɗebi jinin a 'yar kwalba, ya karɓa ya ɗaga ta wajen taga ya jujjuya.

"Madam, jinin nan lafiyayye ne. Da na bijimi ne, da na saya."

"Baba, ba da ido ake gani ba. Ka dawo jibi."

Bai koma ba. Ita ta biyo shi kasuwa da takardar, a gabana ta yi masa bayani. Kitse ya yi yawa a jininsa, suga ya hau, ga alamar kumburi a hanyoyin jini. In aka haɗa da abin da ya sami hannunsa, shanyewar ɓarin jiki na iya zuwa kowane lokaci. Ta ce ya ga likita a ranar. Ya saurara da ladabi, ya yi mata gyara da hanta, ya naɗe mata a cikin takardar. Raina ya ɓaci, na ce, "Kai dai Malam, Allah ya shirye ka." Ya ce shekara talatin bai taɓa kuskuren jini ba, sai a kan nasa?

Bayan wata biyar, wata Laraba da hantsi, ya faɗi a bayan teburinsa. Ni da ƙanensa Hashim muka kai shi asibiti. Aka sake ɗibar jini don likita ya ga yadda abin ya yi tsanani. Ba ya iya magana, amma idonsa na kan kwalbar har aka fita da ita. Ja wur, daidai da na farko.

Ya rayu. Magana ta dawo da nauyi, hannun bai dawo ba. Hashim ne ke riƙe da tebur yanzu.

Jajibirin sallar da ta wuce Hashim ya kawo shi mayanka don ya ɗebe kewa, ni kuma na je sayen kayan ciki. Aka kayar da wani bijimi aka yanka, mahauta suka ja baya suka ba shi wuri kamar da. Aka riƙe shi ya sunkuya. Ya dangwala da hagu, ya murza, ya daɗe yana kallon yatsunsa.

Hashim ya ce, "Yaya, me ka gani?"

"Ban sani ba," in ji shi. Ya goge hannun a rigarsa, ya ce a mayar da shi gida, lokacin shan maganinsa ya yi.